Ƙafar Maigidana Ta Daina Ɗaguwa, Shi Kuma Ya Ƙi Komawa Asibiti

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana yana da shekara 44, sana'arsa sa tayil a gidaje. Wata takwas da suka wuce aka gano yana da ciwon suga. Tun daga ranar na tsaya tsayin daka a kan abincinsa, har ya sauke kilo 15 cikin wata biyar. Mutane na cewa ya rame, ni kuwa murna nake.

Mako bakwai ke nan da ya yi wani babban aiki, kullum a tsugunne yake yini. Wata safiya ya tashi, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa daga idon sawu. In zai yi tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama sosai, ƙafar ta faɗo ƙasa fat. Bayan ƙafar da gefen ƙwaurinsa sun mutu, ba ya jin taɓi sosai. Bayansa ba ya ciwo, hannunsa da bakinsa lafiya lau. Likita ya ce jijiya ɗaya ce ta danne a wajen gwiwa, ya rubuta masa gwajin jijiya, ya ce ya sa wani takalmin roba mai tallafe ƙafa. Gwajin bai je ba. Takalmin sau ɗaya ya gwada ya jefa shi ƙarƙashin gado, wai shi ba gurgu ba ne.

Mahaifinsu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara shida kafin ya rasu. Yayansa ya dage cewa ita ce ta fara, kullum da daddare yana zuwa ya gasa masa ƙafar da ruwan zafi, ya murza gwiwar da ƙarfi. Maigida ya koma aiki a tsugunne, yana tuƙa mota, sau biyu yana faɗuwa a matakala. Da na yi magana sai faɗa. Don Allah, ƙafar za ta warke? Ni na jawo masa da ramar da na sa shi? Ta yaya zan shawo kansa ba tare da na ɓata da yayansa ba?

Daga wata baiwar Allah.

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma sannu da ƙoƙari. Kafin in zo kan tambayoyinki, akwai wata da ta tokare ƙofa: me zai sa mutumin da ya yarda ya canja cimarsa har ya sauke kilo 15 ya ƙi sa ɗan takalmin roba? Wanda bai damu da lafiyarsa ba ba ya yin abin da maigidanki ya yi cikin watannin nan. Ni abin da na karanto a wasiƙarki tsoro ne. Shekara shida yana kallon mahaifinsa a kwance, ana ɗagawa ana kwantarwa. Ranar da ya sa takalmin nan, a ransa ya amsa cewa ya kama hanyar Baba. Ranar da ya je gwaji, yana iya jin abin da yake gudu. Ga kuma yayansa, wanda yake girmamawa, kullum da daddare yana tabbatar masa da cewa ciwon gado ne. Faɗan da yake yi da ke daga nan yake fitowa, domin ke kaɗai ce zai iya sauke wa abin da ke cinsa. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki raba masa ƙafarsa da ta mahaifinsa, kuma ba za ki iya ba sai ke kanki kin gane abin da ya faru.

Daga ƙasan gadon baya wata ƙatuwar jijiya take fitowa, ana kiranta sayatik, kuma duk jikin ɗan Adam babu jijiyar saƙo da ta kai ta girma. Tana bi ta ɗuwawu ta gangara bayan cinya, kafin ta isa bayan gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe ta sha-raɓa zuwa tafin ƙafa, shi ke sa mutum ya danna ƙasa ko ya yi ɗage. Ɗayan, wanda likitoci ke kira feroniyal, sai ya karkata waje ya zagaye wuyan siririn ƙashin ƙwauri. Ki sa yatsa a gefen gwiwarki ta waje, ki gangara ƙasa kaɗan, za ki ji wani ɗan tudun ƙashi. Dab da ƙasansa jijiyar take wucewa, ƙashi a ƙarƙashinta, a kanta kuwa daga ɗan kitse sai fata. Ita ke kai umarni ga tsokokin da ke ɗaga ƙafa da yatsu sama da masu juya ƙafa waje, ita ce kuma ke ɗauko jin taɓi daga gefen ƙwauri da bayan ƙafa. Ki duba, wuraren da kika lissafa ke nan, babu ƙari babu ragi. A duk jijiyoyin ƙafa ita ce aka fi samu ta danne, kuma sanannun dalilan su ne dogon tsugunne ko durƙuso, yawan ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, doguwar kwanciyar jinya, ɗaurin karaya da ya matse, rauni a gwiwa, da rama ta farat ɗaya. Mai ciwon suga kuma jijiyoyinsa ba su da juriyar matsi irin ta sauran mutane. Maigida ya haɗa uku a lokaci guda.

Akwai abin da za ki iya nuna masa a ɗaki, cikin raha, ba tare da kin ambaci asibiti ba. Ya dafa bango ya yi ɗage: mai irin wannan matsala yana iyawa, don reshen da ke wannan aiki lafiyarsa ƙalau. Ya gwada tsayawa a kan dunduniya: ta dama za ta ƙi. Ya zauna ya juya tafin ƙafar ciki, wajen ɗaya ƙafar, kina turewa da hannu: in matsalar a gwiwa take, za ki ji ƙarfi. Ya juya waje: za ki ji rauni. Sannan ki bi fatar da yatsa, ki ga yadda wurin da ya mutu yake da iyaka, tafin ƙafa yana ji, cikin ƙwauri yana ji, cinya tana ji. Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take tasowa, galibi ta haɗa da fuska ko hannu ko harshe, kuma da wuya ƙwarai ta zaɓi tsokokin jijiya ɗaya tak da fatar jijiya ɗaya tak ta bar maƙwabtansu. Wannan ba ya maye gurbin likita, amma namijin da ke aiki da hannu ya fi yarda da abin da ya gani da idonsa a kan abin da aka gaya masa. In kuwa kin ga juyawa ciki ma ya yi rauni, ki faɗa wa likita, domin hakan yakan nuna cewa daga ƙashin baya ne aka danne tushen jijiyar, wanda shi ma maganinsa daban.

Kada dai ki ce masa tsoronsa shirme ne. Mai ciwon suga wanda mahaifinsa ya yi shanyewar ɓarin jiki yana cikin waɗanda ya kamata su kula da hawan jini da kitsen jini da suga, su kuma nisanci taba. Ki ba tsoron nasa wurin da zai yi amfani: a riƙa auna masa jini, ya riƙa shan magani a kan kari. Ƙafar kuma a bar ta a matsayinta na jijiyar da aiki ya danne.

To, za ta warke? Irin wadda matsi ya jawo, ba yanka ko karaya ba, yawanci tana dawowa, gaba ɗaya ko mafi yawanta, in aka ɗauke abin da ke danne ta. Tsawon lokacin ya danganta da zurfin ɓarnar. Ki ɗauki jijiya kamar wayar lantarki, zare a ciki, rufi a waje. A shekarar 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani likitan ƙashi ɗan Ingila mai suna Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku, kuma har yau da rabon nasa ake aiki. Na farko, rufin ne kawai ya lalace a inda aka danne, zaren yana nan, saƙo ne ya kasa tsallakewa. Wannan yakan warware cikin makonni, zuwa wata uku. Na biyu, zaren cikin ya mutu daga wurin matsin zuwa ƙasa amma hanyarsa tana nan, sai ya sake tofowa a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana, wato wajen inci guda a wata. Nan ana maganar watanni, wani lokaci har shekara. Sa'ar da aka yi, tsokar da ke ɗaga ƙafa ba ta da nisa da gwiwa, don haka ita ke fara farfaɗowa, babban yatsa ya biyo baya, jin taɓi a bayan ƙafa ya zo daga ƙarshe. Na uku shi ne jijiyar ta tsinke baki ɗaya, wanda sai tiyata, kuma tsugunne ba ya kawo wannan.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne akwai agogo a cikin lamarin. Tsokar da jijiya ta daina kai wa saƙo ba ta jira har abada. Tana ramewa, kuma in ta kai wata 12 zuwa 18 babu saƙo, ko jijiyar ta iso daga baya ba lalle ta amsa ba. Shi ya sa likitoci sukan ba da wata uku zuwa huɗu, in babu alamar motsi su fara tunanin hoto da tiyata. Maigida ya riga ya ci mako bakwai daga cikin wannan lokaci, kuma ya ci su ne yana ci gaba da tsugunnen da ya jawo abin. Ba a makara ba ko kaɗan. Amma kowace rana da ya yini a tsugunne sabon matsi ne a kan jijiyar da ke ƙoƙarin gyara kanta.

Gwajin da aka rubuta masa kashi biyu ne. Da farko za a manna masa wasu 'yan faifai a fata, a riƙa ba jijiyar ɗan lantarki sama da gwiwa da ƙasanta, a ga inda saƙon ke tsayawa. Sai kuma a sa siririyar allura a wasu tsokoki a saurari aikinsu, wannan shi ne ake kira EMG. Babu daɗi, amma abin jurewa ne, kuma yawanci bai wuce awa guda ba. Ba a cika yin sa a kwanakin farko ba, sai an ɗan haura mako uku kafin ya nuna gaskiyar ɓarnar, ke nan yanzu ne lokacinsa. Zai faɗi ko a gwiwa matsalar take ko a baya, ko rufi ne ko zare, ko kuma suga ya fara taɓa sauran jijiyoyin a ɓoye. Wato shi ne zai amsa tambayar da ke hana maigida barci, "yaushe zan koma daidai?" Da wannan za ki tallata masa gwajin. In likita ya ga dama yana iya ƙarawa da hoton sikanin ko na MRI a gwiwar, domin akan samu wani ɗan ƙullutu mai ruwa da ke tasowa daga gaɓa ya danne jijiyar, wanda hutu ba ya kawar da shi.

Mu zo kan takalmin da ke ƙarƙashin gado. Amfaninsa biyu ne, kuma na biyun ya fi wanda mutane suka sani. Na farko, yana riƙe ƙafar kada yatsu su ja ƙasa, ya hana tuntuɓe. Mutumin da ya faɗi sau biyu a matakala, ta uku tana iya zuwa da karaya, kuma karaya za ta zaunar da shi fiye da yadda jijiyar za ta yi. Na biyu, ƙafar da ke rataye kullum agararta tana gajarcewa, tsokar sha-raɓa ta ɗaure. In hakan ta faru, jijiya tana iya warkewa sarai ta tarar idon sawu ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa. Mutane da yawa suna tsoron cewa takalmin zai sa ƙafa ta yi lalaci. Ba ya hana jijiya tofowa, kuma ana cire shi a yi motsa jiki. Sannan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na roba mai tauri da ke shiga cikin takalmi ya hau bayan ƙwauri, wando ya rufe shi ruf. Akwai mara nauyi, ɗan maɗauri ne a idon sawu da igiya mai saƙalewa a igiyar takalmi. In wanda aka ba shi yana cizonsa ko ya yi masa girma, ƙila ma shi ne rabin dalilin ƙiyayyar, a mayar a gyara ko a canja. A tabbata bakinsa na sama bai hau kan tudun ƙashin nan ba. Kuma tunda yana da suga, ga fata ba ta ji, kullum da ya cire ki duba masa ƙafar, ko akwai wurin da ya yi ja ko ya saɓule. Ya sa safa a ciki. Silifa kuwa a ajiye ta tukuna, sai takalmi mai igiya ko mai rufe idon sawu.

In ya ƙi sa shi ko'ina, kada ki ce sai duka ko babu. Ku fara da wurin aiki da matakala da doguwar tafiya. Wanda ya ji yadda tafiya ta yi sauƙi da shi, da kansa yake nemansa.

A gida, safe da yamma, ya zauna ya miƙe ƙafar, ya saƙala tawul a tafin ƙafa wajen yatsu, ya jawo zuwa jikinsa har ya ji agara ta miƙe, ya riƙe daƙiƙa 30, ya saki, ya maimaita 'yan lokuta. Bayan nan ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar da kansa ko da ba ta motsa ba. Ke kuma ki ɗora yatsunki a kan tsokar da ke gefen ƙashin ƙwauri ta gaba. Wata rana za ki ji ta ɗan harba a ƙarƙashin yatsunki tun ido bai ga motsi ba, kuma wannan ita ce alamar farko. Likitan gashi zai tsara masa sauran gwargwadon ƙarfin da ya dawo. Ya daina ɗora ƙafa kan ƙafa, ya daina zaman tanƙwashe, in zai kwanta kada gefen gwiwar ya danne a kan katifa mai tauri ko bakin gado.

Maganar aiki ita ce mai wuya, kuma ba zan ce miki ya zauna a gida wata uku ba, ga 'ya'ya huɗu. Amma sa tayil ba duka ne a tsugunne ba. Awo da lissafi da yanka a kan tebur da tayil ɗin bango da duba layi duk ana yin su a tsaye ko a kan 'yar kujera. Na ƙasa ya bar wa yaran aikinsa ko ya ɗauki wani su raba kuɗin, na ɗan lokaci. In dole ta sa ya sauka ƙasa, ya zauna a kan gajeriyar kujera ya miƙe ƙafar dama, ya riƙa tashi a kai a kai, kada ya jira sai ƙafa ta yi tsami. In yana ɗaura soson gwiwa, ya lura da igiyarsa, don sau da yawa daidai kan jijiyar take bi. Ribar da zai rasa ta wata biyu ko uku ba ta kai ta rasa sana'ar ɗungurungum ba, kuma ina zaton in an bar shi ya yi lissafin da kansa zai fi kowa ganin haka.

Tuƙi kam ba na sassautawa a kansa. Ƙafar dama ita ke tashi daga totur ta koma birki, kuma wannan ɗagawar ce ainihin abin da ya rasa. Yana iya ganin ya saba, yana ɗago ta da cinya, amma ranar da yaro ya gifta gabansa, ɗan jinkirin nan ya isa. Ya bar tuƙi har likita ya gwada shi ya ce ya koma.

Yanzu ke. Gaskiya ne rama ta gaggawa tana cinye ɗan kitsen da ke kare jijiyar, kuma likitoci sun san da wannan. Amma kin yi abin da ake roƙon iyalan masu suga su yi ne, kuma abin da kika kare masa, ido da ƙoda da zuciya, ya fi abin da ya samu nauyi nesa ba kusa ba. Ramar kaɗai, ba tare da yinin tsugunne ba, da wuya ta kai shi nan. Akwai ma wani abu: suga in bai daidaita ba, shi kansa yana ramar da mutum. Kilo 15 a wata biyar ba kaɗan ba ne, don haka a faɗa wa likitan da ke duba sugansa, a yi gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, a tabbata ramar ta abinci ce. Kada ki ce za ki mayar masa da ƙiba don jijiya ta warke, hakan gyaran gangar auzinawa ne. A dai tsaya a nauyin da likita ya yarda da shi, abinci ya zama mai gina jiki. In yana shan maganin suga mai suna metformin, a tambaya ko za a duba masa bitamin B12, don maganin yakan rage shi in an daɗe ana sha. Amma kada a bi shawarar mutane a yi ta ɗura masa ƙwayoyin "ƙarfin jijiya", domin B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. In wurin ya fara zafi ko tsira kamar ana soka allura har ya hana barci, akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitriptyline da gabapentin, likita ne zai zaɓa. Suna rage raɗaɗi ne, ba sa sa jijiya ta yi saurin tofowa.

Sai Yaya. Mutumin da ke baro gidansa kullum da daddare ya zo ya riƙe ƙafar ƙaninsa abokin tafiyarki ne, ko da hanyarsa ta kuskure. Shi ma ɗan mahaifin nan ne, kuma wataƙila shi ya fi kowa ɗaukar jinyar. Sai dai abubuwa biyun da yake yi duk suna da haɗari. Ruwan zafi a fatar da ba ta ji yana ƙona mutum bai sani ba, ƙuna kuma a ƙafar mai suga tana iya zama gyambon da zai fi ciwon asali muni. Murza gwiwa da ƙarfi kuwa danne jijiyar ne a daidai inda ta ji ciwo. Dole a daina, amma bai kamata daga bakinki umarnin ya fito ba. Ki same shi cikin ladabi ki ce, "Yaya, ni na rasa yadda zan yi da shi, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kai shi gwajin nan, ka shiga da shi wurin likita, ka tambaya da kanka ko irin ciwon Baba ne." Kin ba shi girmansa, kin kuma sa zai ji bayanin daga wanda ba zai yi musu da shi ba. A can a tambayi likita, a gabansa, game da gashi da tausa. Daga nan sai a canja masa aiki: shi zai riƙa riƙe tawul ɗin miƙe agara, shi zai kai shi wurin aiki ko ya samo wanda zai tuƙa. In kina ganin zuwa wurin Yaya ba da sanin maigida ba zai zama laifi, ki gaya masa tukuna, ko ki yi maganar suna tare.

Shi kuma maigida, ki rage yawan tuni. Magana ɗaya sau goma a rana takan koma mita, ko da gaskiya ce. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, ki fara da abin da ke ransa: "Na san Baba kake tunawa. Ni ma na tsorata. Amma likita ya ce jijiya ɗaya ce, mu je a tabbatar mana, ko ni na samu barci." Ki roƙi abu ɗaya, gwajin. Takalmi da aiki da tuƙi za su fi sauƙin shiga bayan ya ga sakamako a takarda. Kalmar gurgu kuma, in ya sake faɗa, kada ki yi gardama da ita. Ki ce masa takalmin na 'yan watanni ne, ba na har abada ba. In duk da haka ya ƙi, ki nemi wani da yake jin nauyinsa, aboki ko abokin sana'a, ko ki je wurin likitan ke kaɗai ki faɗa masa halin da ake ciki. Ba zai buɗe miki sirrin majiyyaci ba tare da izininsa ba, amma zai saurare ki, kuma zai san yadda zai ɓullo masa a zuwa na gaba.

Ko da an yi rashin sa'a watanni sun wuce babu motsi, hanya ba ta ƙare ba, kuma yana da kyau ya san haka tun yanzu. Ana yin ƙaramar tiyata a buɗe wa jijiyar hanya a wuyan ƙashin, a cire ƙullutu in akwai. In lokaci ya ƙure wa tsokar, ana ɗauko agarar wata tsoka mai lafiya daga bayan ƙwauri a dasa ta a bayan ƙafa, ta karɓi aikin ɗagawa. Wasu kuma suna zaɓar su ci gaba da takalmin, suna aikinsu suna tafiyarsu.

Akwai alamun da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. In fuska ta karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take. Haka in raunin ya tsallaka ɗaya ƙafar ko yana hawa sama, in fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, in tsakanin cinyoyi ya mutu, in ƙwaurin ya kumbura yana zafi, ko wani ciwo ya ɓulla a ƙafar ko da ƙarami ne. In wata jijiyar daban ta sake mutuwa, a hannu misali, a gaggauta sanar da likita, don wannan yana buƙatar wani binciken.

Ranar da za ku je, ki tafi da takalmin da duk magungunan da yake sha, har da waɗanda 'yan'uwa suka kawo. Ki rubuta ranar da abin ya fara da yawan nauyin da ya sauke. Ku tambayi likita ko rufi ne ko zare, yaushe za a sake dubawa, kuma zuwa wane wata ne in ba a ga motsi ba za a tura shi wurin likitan tiyata. Ki sa a rubuta muku ranar a takarda kafin ku fito.